Kafintan da Ba a Yaye Ba

Idan ka tambayi Muntaka sana'arsa, ba zai taɓa ce maka shi kafinta ne ba. Sai ya sunkuyar da kai, ya murza yatsunsa masu kanta, ya ce, "Muna dai ɗan taɓawa." Shekara ashirin yana Amurka, amsar ke nan, da Hausa da Turanci. Mutumin da zai hango bakin ƙofa daga nesa ya ce ya karkace da kaurin farce, a kawo ma'auni a gwada a tarar haka ne, wai shi ne mai ɗan taɓawa! Abin yakan ba mutane dariya a Landover, inda yake zaune da matarsa Rumasa'u a hawa na uku na wani tsohon bene. Amma a makon da wannan amsa ta raba wani bawan Allah da aikinsa, babu wanda ya yi dariya.

A Kano ya koyi aikin, a kasuwar 'yan katako ta Na'ibawa, a hannun wani dattijo mai suna Malam Dabo. Shekara goma sha ɗaya ya yi a rumfarsa. Shekaru biyun farko ko zarto ba a bari ya taɓa ba, sai miƙe lanƙwasassun ƙusoshi da kwashe dusar katako. Malam Dabo ba ya ɗaukar wargi, kuma dokar rumfarsa ɗaya ce: babu mai kiran kansa kafinta sai ranar da maigida ya yaye shi. A ranar za a tara 'yan rumfunan kusa, a raba goro da dabino, maigida ya miƙa maka guduma da zarto a gaban jama'a, ya ce, "Ku shaida, wane ya zama kafinta," a shafa fatiha. Wanda ya yi azarɓaɓi ya ɗauki sunan kafin wannan rana, kallon ɓarawo ake yi masa a kasuwar.

An sa yayen Muntaka bayan babbar Sallah. Ana nan sai ga bizar Amurka ta caca ta fito masa, wadda wani abokinsa ya cika masa fom ɗinta da wasa, kuma wa'adinta ba zai kai Sallah ba. Ya je ya durƙusa ya faɗa wa Malam Dabo, ya roƙi a matso da ranar. Tsoho yana goge ƙafar wata kujera, bai ko ɗago kai ba. Ya ce shi bai taɓa matso da rana saboda jirgin sama ba, kuma ba zai fara ba.

"Je ka, Allah ya kiyaye hanya. Amma ka sani ban yaye ka ba."

Muntaka ya taho da niyyar komawa bayan shekara biyu a yi abin da ya kamata. Shekara biyu ta zama uku, uku ta zama huɗu. A ta huɗun aka bugo masa waya cewa Malam Dabo ya rasu.

Wanda ya karɓe shi a nan shi ne Injiniya Nasir, ɗan unguwarsu. A faɗi gaskiya, Nasir ya yi masa abin da ɗan'uwa na jini ma ba kowa zai yi ba. Shi ya tare shi a filin jirgi, ya saukar da shi a ɗakin ƙasa na gidansa a Silver Spring har wata bakwai, ya saya masa rigar sanyi, ya koya masa shiga jirgin ƙasan Metro ba tare da ya ɓace ba. Shi ya tsaya tsayin daka har takardun Rumasa'u suka fito. Da ya buɗe ɗan kamfaninsa na kafa ƙofofi da kabad, Muntaka ne ma'aikacinsa na farko. Har yau Muntaka ba ya gaishe shi a tsaye. Ko a gaban Turawa ne sai ya rage tsawo.

A bara ne Nasir ya samu aikin da ya fi duk wanda ya taɓa samu. Ana gina wata sabuwar makarantar firamare da kuɗin gwamnati, babban kamfanin da ke ginin ya ba shi ƙofofi ɗari da goma sha huɗu. Aikin gwamnati kuwa a nan yana da dokarsa. Ɗan kwangila ba ya yanke wa ma'aikaci lada yadda ya ga dama. Gwamnati ce ke fitar da abin da za a biya kowace sana'a a awa ɗaya, a manna takardar a allo a bakin wurin aiki kowa ya gani. Kafinta nasa daban, lebura nasa daban, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ta wasa ba ce. Mutum bakwai Nasir ya kawo. Biyu, wasu Amurkawa masu takardar makarantar koyon sana'a, ya rubuta su kafintoci. Sauran biyar ya rubuta su leburori, har da Muntaka.

Muntaka ya ga kalmar lebura a takardar albashinsa, ko a jikinsa. A zuciyarsa ma gani yake daidai ne. Kullum da safe yana wuce allon nan da hular kwanonsa a hammata, bai taɓa tsayawa ya karanta ba.

Dalyop ne ya karanta. Mutumin Jos ne, Kirista, Hausa a bakinsa kamar ɗan Fagge, yana ƙasa da Muntaka da shekara goma sha biyar. 'Ya'yansa uku a Wheaton, da baki kuma, Allah ya ba shi. Shekara huɗu suna aiki kafaɗa da kafaɗa, idan lokacin azahar ya yi shi ke share wa Muntaka wuri a bayan tarin katako ya shimfiɗa masa kwali. Dalyop ya tsaya gaban allon ya karanta tun daga sama har ƙasa, ya ɗauki hoto, ya buga lambar wayar da ke ƙarshen takardar. Da suka zauna cin abinci ya raɗa wa Muntaka.

"Malam, za su zo bincike. Ba na so ka yi faɗa da kowa. Idan sun tambaye ka, ka faɗi abin da kake yi kawai."

Muntaka ya ce to. Kuma har ga Allah ya zaci ya fahimta.

Ranar Talata mai binciken ta zo. Wata mata ce, baƙar fata, gajeriya, da tabarau da hular kwano, sunanta Misis Alexander. Heluman Nasir ya bi ɗaki-ɗaki yana raɗa wa mutane su ajiye kayan aiki. Muntaka ma bai buƙaci raɗa ba, don a lokacin yana ɗauke da ƙofa ne a kafaɗa zai hau da ita sama. Matar ta ja shi gefe, ta gaishe shi da fara'a, ta ce maganar da za su yi tsakaninsu ce.

"Mene ne aikinka a nan?"

"Taimakawa nake yi," in ji Muntaka.

"Kai kafinta ne?"

Ya dafa ƙirji, ya ja da baya kaɗan, yana murmushin kunya. "A'a, a'a. Ni ba kafinta ba ne. Akwai kafintoci, ga su can." Ya nuna Amurkawan nan biyu, waɗanda a makon da ya wuce shi ya gyara musu ƙofa uku da suka kafa a karkace. A ganinsa su an yaye su, tunda suna da takarda.

Ta rubuta, ya sa hannu, ta ba shi katinta. Ko minti biyar ba a yi ba. Sauran leburorin uku tsoro ya sa suka ce shara da ɗaukar kaya kawai suke yi. Bayan ta tafi heluma ya tambayi Muntaka me ya gaya mata, shi kuma bawan Allah ya kwashe duka ya faɗa masa, yana ganin ai ba wani abin ɓoyewa.

Da safiyar Laraba Muntaka ya sauko daga bas ya tarar da Dalyop a bakin get, jakar kayan aikinsa a ƙasa, idanunsa jajir. An ce masa aiki ya ragu, ya zauna gida sai an neme shi.

"Ka san abin da heluma ya gaya mini?" in ji Dalyop. "Ya ce ko Malam Muntaka da ya girme ni a aiki ya ce shi ɗan taimako ne, ni wane ne. Mutum huɗu sun ce leburori ne, ni kaɗai na ce ba haka ba. Na zama maƙaryaci, Malam."

Muntaka ya ce, "Dalyop, ban yi maka ƙarya ba. Ta tambaye ni ko ni kafinta ne."

"To me kake?"

"Ba a yaye ni ba."

Dalyop ya tsaya yana kallonsa baki buɗe. "Yaye? Nono kake sha? Malam, a hannunka na koyi daidaita firam ɗin ƙofa! Idan kai lebura ne, ni mene ne?" Ya sunkuya ya ɗauki jakarsa. "Matata Nanret ta ce kada in buga wayar nan. Na ce mata ba komai, akwai dattijo a wurin da ba ya ƙarya, shi zai tsaya mini."

Ya juya ya nufi motarsa. Muntaka ya kira sunansa sau biyu, bai waiwayo ba.

Ranar nan Muntaka ya kafa ƙofa biyu kacal, ɗaya ma sai da ya cire ya sake. Da ya koma gida bayan magariba, Rumasa'u ta dawo daga gidan kula da tsofaffi inda take aiki, ko kayan aikin ba ta cire ba ta ɗora miya. Kallo ɗaya ta yi masa ta san akwai magana. Ya zauna ya yi tagumi, tuwo yana hucewa a gabansa, ya ba ta labari tun daga farko.

Rumasa'u ba mai yawan magana ba ce, amma idan ta yi, tana shiga. Ta ajiye ludayi.

"Malam, shekara nawa ina jin zancen yayen nan? Na yi shiru, na ce ladabinka ne, kai yake ci, ni ma yana ɗan ci na, ba komai. To yanzu ya fara cin 'ya'yan wani."

"Mutumin nan ya rasu bai sallame ni ba, Rumasa'u. Da wane baki zan ɗauki sunan?"

"Da bakin da ka ce wa matar nan ba kai ke kafa ƙofofin ba."

"Ban ce haka ba!"

"Me ta rubuta?"

Ya kau da kai ya ce, "Injiniya fa? Idan na canza magana, shi zan tona. Mutumin da na kwana wata bakwai a gidansa."

Ta san ba ƙarya ya faɗa ba. Matar Nasir ce ta yi mata wankan jego da ta haifi 'yarsu ta fari, a ƙasar da ba ta da uwa ba ta da inna. Ta ɗauki ludayin ta mayar tukunya. "Ka je ka same shi," in ji ta. "Ka roƙe shi ya mai da yaron mutane. Wataƙila ya ji maganarka."

Washegari Alhamis da rana ya nufi kwantenar da Nasir ya mai da ita ofis. Ya cire hular kwano a bakin ƙofa, ya yi sallama, ya rage tsawo. Nasir yana zaune takardu sun cika teburinsa, ya rame, gashin kansa ya ƙara fari a 'yan watannin nan. Ya nuna masa kujera. Muntaka ya zauna a bakin-bakinta, ya yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi Hajiya da yara, sannan ya shigo da maganar Dalyop a hankali.

Nasir ya saurare shi har ya gama, bai katse shi ba. Sannan ya cire tabarau ya murza idanu.

"Muntaka, ka san kamfani nawa suka nemi aikin nan? Tara. Da ban sauko da farashi ba, da yanzu dukanku kuna gida. Idan binciken nan ya kama ni, ba tarar kuɗi kawai ba ce. Za su iya hana ni aikin gwamnati shekaru. Dalyop da ya kunno wutar, shi zai ciyar da ku?" Ya sassauta murya. "Matar nan za ta dawo gobe. Akwai abin da bai gamsar da ita ba. Abin da ka gaya mata ranar Talata shi za ka maimaita, shi ke nan."

Muntaka ya ce, "Injiniya, ƙofofin nan fa... yawancinsu ni na kafa."

"Wa ya yaye ka?"

A hankali ya faɗa, ba da tsawa ba, kuma da ma tsawar ya yi da ta fi sauƙi.

"Ba a falona ka zo ka zauna kana kuka ranar da Malam Dabo ya rasu ba? Ba kai ka ce mini har ka mutu ba za ka ɗauki sunan da bai ba ka ba? Ni ban ce ka yi ƙarya ba. Ta tambaye ka ko kai kafinta ne, ka gaya mata gaskiyarka."

Kai, wannan ta yi muni! Sirrin da mutum ya kawo maka yana kuka, ka ajiye shekara goma sha shida, ka fito da shi ranar da kake buƙatar maƙure shi. Muntaka ya tashi ya ce, "Na ji, Injiniya," ya fita. Sai da ya kai tsakiyar filin ya lura ya bar hular kwanonsa a bakin kwantena, ya kasa komawa ya ɗauka, sai wani ya miƙo masa.

Ranar Juma'a da ƙarfe bakwai heluma ya tare shi a ƙasan bene. Ya karɓi ɗamarar kayan aikinsa, wadda guduma da tef da fensir ke rataye a jiki, ya jefa cikin babban akwatin ƙarfe ya kulle. Ya miƙa masa tsintsiya mai dogon mariƙi.

"Hawa na biyu. Oga ya ce yau shara ce taka."

Muntaka, mai shekara hamsin da ɗaya, ya karɓa. Ya hau sama ya fara share doguwar barandar da azuzuwa ke dama da hagu. Ƙofa ashirin da biyu ne a wannan hawa, kuma ya san kowace ɗaya. Ya san wadda katakonta ya zo da ɗan lanƙwasa ya sha fama da ita, ya san wadda Dalyop ya kafa shi kaɗai karon farko yana ta washe baki. Yana shara kunnensa yana kan matakala.

Da ƙarfe goma ya ji takunta. Ba ita kaɗai ba, Nasir yana biye da ita yana bayani da Turancinsa mai santsi. Misis Alexander kuwa sai ta kama ƙofa ta buɗe, ta rufe, ta saurari ƙarar, ta wuce ta gaba. Da ta iso wurin Muntaka ta dubi tsintsiyar, ta dubi hannunsa, ta ce tana so su sake magana. Ta shigar da shi wani aji da ba kowa, ta ce wa Nasir ya jira a waje, ta rufe ƙofa.

Ƙofofin makarantar kuwa kowace tana da siririn gilas a tsaye. Ta cikinsa Muntaka yana ganin rabin fuskar Nasir.

"Na duba awannin kafintocin nan biyu," in ji matar. "An kafa ƙofa casa'in da ɗaya zuwa jiya. Ko ba sa zuwa fitsari ba za su kafa rabin haka ba. Don haka bari in sake tambaya ta wata hanya. Jiya da ƙarfe takwas na safe, me ke hannunka?"

Muntaka ya jingina tsintsiyar a bango, ta zame ta faɗi, ƙararta ta cika ajin. Ya sunkuya zai ɗauka, ta ce ya bar ta.

"Madam," ya fara da Turancinsa mai tsallen-tsalle, "a ƙasarmu, mutum ba ya ce shi kafinta ne da kansa. Maigidansa ne zai faɗa, a gaban mutane. Nawa maigidan ya rasu. Bai faɗa ba."

Ya zaci za ta yi masa ba'a kamar Dalyop. Ba ta yi ba. Ta cire tabarau ta ce Allah ya ba shi haƙuri, ta ce ta gane abu ne mai nauyi a wurinsa. Sannan ta ce a takardarta babu wurin rubuta wanda ya koya maka ko wanda ya sallame ka. Doka aikin da hannu ya yi take tambaya, shi ake biya.

"Ba zan tambaye ka ko kai mene ne ba." Ta nuna ƙofar ajin da biro. "Wa ya kafa wannan?"

Muntaka ya dubi ƙofar, dole kuma ya dubi gilas ɗin. Idon Nasir yana kansa. Babu harara a ciki, roƙo ne, kuma wannan ya fi harara ciwo. Ya tuna daren farkonsa a ƙasar nan, yana karkarwar sanyi, Nasir ya sauko da bargo biyu da shayi. Ya tuna Dalyop a bakin get da jakarsa a ƙasa. Tambayar nan ba ta da wurin ɓuya. Ladabi ba zai amsa ta ba, ko dai ya ce shi ne, ko ya yi ƙarya ƙiri-ƙiri, ranar Juma'a.

"Ni ne," ya ce. Da ƙyar ta ji.

"Ta gaba fa?"

"Ni."

"Ta ƙarshen baranda?"

"Dalyop. Shi kaɗai ya kafa ta. Je ki gwada, ba ta da aibu."

Daga nan bakin ya buɗe. Ya bi hawa-hawa yana faɗa mata: wannan shi, wannan Dalyop, waɗannan su biyu, kabad ɗin ofishin shugaban makaranta shi, firam-firam na ƙasa sauran ukun nan da suka ce shara suke yi. Ya gaya mata inda aka kulle ɗamararsa da safen nan. Ta rubuta har ta juya takarda. Da ta gama ta miƙo masa ya karanta. A gurbin da aka ce sana'a, ta rubuta kafinta.

"Madam, ki goge wannan. Ki bar aikin kawai."

"Ba zan iya ba. Aikin da ka lissafa, sunansa ke nan."

Ya riƙe biron ya daɗe. Babu wani daɗi da ya ji, kada wani ya gaya maka ya ji daɗi. Ji ya yi kamar ya sa hannu a aljihun mamaci. A zuciyarsa ya ce, "Malam, ka yafe mini," sannan ya sa hannu, rubutun ya fito a karkace. Matar ta ce doka ta hana a kore shi saboda abin da ya faɗa, idan an taɓa shi ya kira ta. Ya gyaɗa kai kawai. Da ya ɗago ya dubi gilas ɗin, babu kowa a wurin.

Sai bayan sha biyu, da matar ta tafi, ya samu Nasir a wurin ajiye motoci, yana ƙoƙarin buɗe mota makulli yana kuɓuce masa. Duk Juma'a a motar nan suke tafiya masallaci tare. Muntaka ya matsa ya durƙusa a kan tsakuwa, gwiwa har ƙasa, ma'aikata suna wucewa suna kallo.

"Injiniya, na gode da duk abin da ka yi mini. Allah ya saka maka da alheri. Ban iya yi mata ƙarya ba."

"Tashi," in ji Nasir. "Tashi, kada a ce na mai da kai bawa." Bai dube shi ba. "Gidan nan da ka kwana a ɗakinsa wata bakwai, shi na jinginar na karɓi aikin nan. Ka sani? Ba ka sani ba." Ya shiga mota, ya sauke gilas kaɗan. "Ni ban kore ka ba, ka ji, kada ka je ka ce na kore ka. Amma ba na son in sake ganin fuskarka. Ka san yadda za ka yi."

Ya ja mota ya tafi masallaci shi kaɗai.

Muntaka ya tashi ya kaɗe gwiwarsa. Ya je heluma ya buɗe masa akwati ba tare da sun haɗa ido ba, ya kwashe kayansa duka, har da injin yanka da ya saya da kuɗinsa. Kayan sun yi nauyi, sau uku yana hutawa kafin ya kai tashar bas. Ya zauna a kan akwatinsa a bakin titi, ya ciro waya, ya buga lambar Dalyop. Ta yi ta ƙara har ta katse. Ya sake bugawa. A karo na uku aka ɗauka, babu sallama, sai hayaniyar yara daga nesa.

"Dalyop, ni ne. Matar ta dawo."

Dalyop ya ce, "Me ka ce mata?"

"Na ce ni na kafa. Da kai. Na sa hannu."

Ya ji Dalyop ya ja dogon numfashi. "Za su mai da ni?"

"Ban sani ba. Ta ce za a bincika. Wataƙila ya ɗauki watanni."

"Oga fa?"

Muntaka ya sa bayan hannu ya share ido, wata tsohuwa da ke jiran bas ta kau da kai.

"Malam? Kana ina yanzu?"

"Ina tasha. Da kayana."

"Duka?"

"Duka."

Muntaka ya ji Dalyop ya ce wa yaran su yi shiru, ya ji yana kiran Nanret ta miƙo masa makullin mota.

"Kada ka hau bas da wannan kaya, bayanka ba zai ɗauka ba. Zauna nan, ga ni nan zuwa. Ƙarfe nawa ake tayar da sallar taku?"

"Ɗaya da rabi."

"To, za mu samu."